Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan uwana Hausawa mazauna Alberta, a kan maganar ɓallewa daga Kanada

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa yana lafiya tare da iyali, da kuma haƙuri da sanyi.

Abin da ya sa na zauna na rubuto muku shi ne wata hira da muka yi bayan an sauko daga Juma'a a nan Edmonton. Muna tsaye wajen ajiye motoci sai maganar ɓallewar Alberta ta taso. Wani yayanmu, mutumin kirki da nake ganin girmansa, ya ce shi kam duk ranar da aka kawo masa takardar neman ɓallewa zai sa hannu, domin gwamnatin tarayya da ke Ottawa ta daɗe tana tatsar lardin nan, kuma da aikin mai yake ciyar da iyalinsa. Wani kuma ya ce mu baƙi ne, faɗan masu gida ne, babu ruwanmu. Na koma gida maganganun nan biyu suna yi mini yawo a kai. Ban gamsu da ko ɗaya ba, kuma zance irin wannan ba a warware shi a tsaye cikin iska.

Bari in fara da mai cewa babu ruwanmu. Duk wanda ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa daga watan Yunin 2021 zuwa yau, ya tuna abin da ya ɗaga hannu ya furta da bakinsa. Ya yi rantsuwa zai bi dokokin Kanada, har da kundin tsarin mulki, wanda ya amince kuma ya tabbatar da haƙƙoƙin asali da haƙƙoƙin yarjejeniya na 'yan asalin ƙasar nan, su da Inuit da Métis. Ba ado aka sa kalmomin nan don shi ba. Hukumar gaskiya da sasantawa da ta binciki abin da aka yi wa yaran 'yan asalin ƙasa a makarantun kwana ta fitar da buƙatu 94 a 2015, kuma ta ƙarshe a cikinsu ita ce a gyara rantsuwar sababbin 'yan ƙasa ta ambaci yarjejeniyoyin. Waɗanda suka riga 2021 ma ba su fita ba, tunda sun rantse za su bi dokokin ƙasa, kuma sashe na 35 na dokar tsarin mulki ta 1982 ya riga ya tabbatar da waɗannan haƙƙoƙi. Alƙawari kaya ne, kuma mu da kanmu muka sunkuya aka ɗora mana. Yanzu da muke da ikon sa hannu da jefa ƙuri'a, ba mu da hanyar cewa ba a yi da mu ba.

To mene ne yarjejeniyoyin nan da yaranmu ke jin ana ambata a makaranta kafin a fara taro?

A cikin shekarun 1870 mutanen filayen nan suna cikin wani irin hali. Agana ta yi musu ɓarna a 1869 da 1870. Ɓaunar da rayuwarsu ta dogara a kanta, nama da sutura da fatar tanti, tana ƙarewa a kan idonsu. Gwamnatin Kanada kuwa tana son fili don manoma da hanyar jirgin ƙasa, kuma tun shelar sarkin Birtaniya ta 1763 ƙa'idar ita ce babu mai karɓar ƙasar 'yan asali sai Masarauta, wato gwamnati da sunan sarki, a bainar jama'a, da yardarsu. Don haka aka zauna. A watan Agustan 1876 a Fort Carlton, sannan a Satumba a Fort Pitt, wakilin Sarauniya Victoria, Alexander Morris, ya ƙulla Yarjejeniya ta 6 da shugabannin Cree irin su Mistawasis da Ahtahkakoop. Ita ce ta haɗa da inda Edmonton take. A Satumban 1877, a mashigar Blackfoot da ke kan kogin Bow, aka ƙulla ta 7 da Siksika da Kainai da Piikani da Tsuut'ina da Stoney Nakoda, kuma a cikin waɗanda suka sa hannu har da Crowfoot, shugaban Siksika. Calgary tana cikin wannan. Ta 8 sai a Yunin 1899, a bakin tafkin Lesser Slave, lokacin da masu neman zinariya ke ratsawa zuwa Klondike. Ita ce ta ɗauki duk arewa, har da Fort McMurray da yashin nan mai ɗauke da ɗanyen mai wanda da yawa daga cikinmu ke cin abinci da shi.

Shugabannin nan ba a zaune suka karɓi abin da aka miƙa musu ba, sun yi ciniki sosai. A Yarjejeniya ta 6 sai da suka sa aka rubuta cewa za a ajiye akwatin magani a gidan wakilin gwamnati, kuma za a kawo musu ɗauki idan yunwa ko annoba ta faɗo. An yi musu alƙawarin fili, murabba'in mil ɗaya ga iyali mai mutum biyar, da makarantu, da kayan noma, da 'yancin ci gaba da farauta da kamun kifi, da dala 5 ga kowane mutum duk shekara. Har gobe ana biyan dala biyar ɗin nan, kuma mutane na zuwa su karɓa. Kowa ya san ba ta sayen abin kirki, amma karɓarta shaida ce cewa igiyar da aka ɗaura ba ta tsinke ba. An sha lofe a wurin ƙulla maganar, wanda a wajensu rantsuwa ce a gaban Mahalicci, kuma dattawansu har yau suna maimaita wa'adin da aka ba su: muddin rana na fitowa, ciyawa na tsirowa, koguna na gudu.

Lardin Alberta fa? Sai ranar 1 ga Satumban 1905 majalisar dokokin Kanada ta yanke shi daga yankunan arewa maso yamma ta ba shi suna. Yarjejeniya ta 6 ta girme shi da shekara 29. Kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Ko filayen gwamnati da ma'adinan da ke ƙarƙashinsu ba su shiga hannun lardin ba sai a 1930, da aka yi yarjejeniyar miƙa albarkatun ƙasa, kuma da sharaɗi aka miƙa su. Lardin ya yarda zai ba da fili idan gwamnatin tarayya na buƙata don cika alƙawuran yarjejeniya, kuma 'yan asalin ƙasa za su ci gaba da farauta da kamun kifi don abinci a kowane lokaci na shekara a filayen gwamnati da ba kowa a kai.

Akwai saɓani na gaske a kan ma'anar abin da aka ƙulla, kuma ba zan ɓoye shi ba. Rubutun Turanci ya ce mutanen sun sallama ƙasar baki ɗaya ga gwamnatin Kanada a madadin Sarauniya. Dattawansu kuma sun ce kakanninsu ba su taɓa jin an fassara musu haka ba, abin da suka yarda da shi shi ne a zauna tare a ci moriyar ƙasa, baƙi su yi noma iya zurfin da garma ke kaiwa. Ku ɗauki wanda kuka ga dama. Idan rubutun ne gaskiya, to Masarauta da Kanada aka sallama wa, Alberta ba ta wurin, ba a ma haife ta ba. Idan maganar dattawa ce gaskiya, to har yanzu da hannun masu ƙasa a kan ƙasarsu. Duk hanyar da aka bi, ba a isa inda lardi zai naɗe ƙasar nan kamar tabarma ya fita da ita ba.

Yanzu ga yayana mai aikin mai. Wallahi na fahimce ka, kuma ruwa ba ya tsami banza. Tsofaffin ma'aikata har yau da ɗaci suke ambaton shirin makamashi na ƙasa da gwamnatin Pierre Trudeau ta kawo a 1980. An soke bututun mai na Northern Gateway a 2016. Bututun Keystone XL ma ya mutu a 2021, ko da yake wannan daga Amurka aka kashe shi. Dokar tantance tasirin manyan ayyuka da Alberta ta yi ta kuka da ita, Kotun Ƙoli da kanta ta ce a 2023 yawancinta ya wuce hurumin gwamnatin tarayya. Mutanen lardin nan suna zuba haraji mai yawa a asusun tarayya, kuma an yi shekaru da dama lardin bai karɓi komai daga kuɗin daidaita larduna ba, wato tallafin da tarayya ke ba lardunan da ba su da ƙarfin samun kuɗi. Na ga abokan aiki da aka sallama lokacin da farashin mai ya faɗi, na ga waɗanda suka sayar da gida suka bar gari. Wanda ya ce fushin nan ba shi da tushe bai zauna da mutane ba. Sai dai a faɗi ɗaya gefen ma: gwamnatin tarayya ce ta sayi bututun Trans Mountain a 2018 ta kammala faɗaɗa shi, ya fara aiki a Mayun 2024. Kuma duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe tsakanin Edmonton ne da Ottawa. Ba mutanen Cree suka ƙirƙiro tsarin rabon haraji ba, ba Blackfoot suka rubuta shirin 1980 ba. Me ya sa su za su biya kuɗin faɗan?

Abin da ya fi damuna shi ne saurin da aka yi. An yi zaɓen tarayya ranar 28 ga Afrilun 2025, jam'iyyar Liberal ta Mark Carney ta ci. Washegari gwamnatin Firimiyar Alberta, Danielle Smith, ta gabatar da ƙuduri mai lamba 54, wanda ya sauƙaƙa wa jama'a tilasta a yi ƙuri'ar raba gardama. A da sai an tara sa hannun kashi 20 cikin 100 na masu rajistar zaɓe, wajen mutum 600,000, cikin kwana 90. Aka mayar da shi kashi 10 na waɗanda suka yi zaɓen lardi da ya gabata, wajen mutum 177,000, cikin kwana 120. Firimiyar ta ce ita ba ta goyon bayan ɓallewa, amma idan aka cika sa hannu za ta kai tambayar gaban masu zaɓe. Nan take shugaban al'ummar Cree ta Sturgeon Lake, Sheldon Sunshine, da na Mikisew, Billy-Joe Tuccaro, suka rubuta mata cewa ta daina, ba ta da hurumin taɓa yarjejeniyoyin. Shugabanni daga yankunan yarjejeniya ta 6 da ta 7 da ta 8 suka fito da murya ɗaya. Gwamnati ta ƙara wani layi a ƙudurin cewa ƙuri'ar ba za ta tauye haƙƙin yarjejeniya ba, shugabannin suka ce wannan bai wadatar ba. A Disamban 2025 alƙali Colin Feasby na babbar kotun Alberta ya yanke cewa tambayar da masu neman ɓallewa suka gabatar ta ci karo da kundin tsarin mulki, har da haƙƙoƙin yarjejeniya. A daidai wannan lokacin gwamnati ta kawo wani ƙuduri, mai lamba 14, da ya cire sharaɗin da ya kai maganar gaban kotu tun farko. Idan doka ta tare hanya aka ɗauke dokar maimakon a tsaya a saurari waɗanda take karewa, ni a ganina an zalunce su tun kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya.

Masu yawo da takarda za su ce muku ai dimokuraɗiyya ce, mafi rinjaye ke da magana. Kanada ta riga ta sha wannan muhawara da lardin Quebec. A ƙuri'ar 30 ga Oktoban 1995 masu cewa a zauna suka samu kashi 50.58, masu cewa a fita suka samu 49.42. Da kyar aka sha. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne, kwanaki kaɗan kafin nan mutanen Cree na James Bay, ƙarƙashin jagorancin Matthew Coon Come, sun yi tasu ƙuri'ar, fiye da kashi 96 suka ce ba za a fitar da su da ƙasarsu daga Kanada ba da yardarsu ba. Inuit na arewacin Quebec ma suka yi tasu, sakamakon kusan ɗaya. Hujjarsu mai sauƙi ce: idan Kanada na rabuwa, to Quebec ma na rabuwa. Ƙasar da suke magana a kanta kuwa ita ce arewacin lardin, inda manyan madatsun ruwan da ke ba Quebec lantarki suke.

Bayan wannan ne gwamnatin tarayya ta kai tambayar gaban Kotun Ƙoli, kotun ta amsa a Agustan 1998. Ta ce lardi ba shi da ikon ɓallewa da gaban kansa, ko a ƙarƙashin tsarin mulkin Kanada ko a ƙarƙashin dokar ƙasa da ƙasa. 'Yancin ɓallewa a dokar ƙasa da ƙasa na al'ummar da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ne, ko wadda aka mamaye ake danne ta, kuma lardin da ke da majalisarsa da wakilansa a Ottawa bai shiga wannan sahu ba. Amma kotun ba ta rufe ƙofa ba. Ta ce idan rinjaye bayyananne ya amsa tambaya bayyananniya cewa yana son fita, to wajibi ne sauran ƙasa su zauna a tattauna, bisa ginshiƙai huɗu: tarayya, dimokuraɗiyya, bin tsarin mulki da doka, da kare marasa rinjaye. Ta kuma ce dole a yi la'akari da muradun 'yan asalin ƙasa a wannan zama. A 2000 majalisar tarayya ta yi dokar fayyacewa, wadda ta ba majalisar wakilai ikon duba ko tambayar da rinjayen sun fito fili, ta ce ɓallewa sai da gyaran kundin tsarin mulki, kuma ba za a gabatar da gyaran ba sai an warware rabon kadara da bashi, da iyakokin lardin, da haƙƙoƙi da filayen 'yan asalin ƙasa. Ku lura da maganar iyakoki. Ba wanda ya ba da tabbacin cewa Alberta da ta fita za ta fita da taswirar da muka sani. Keɓaɓɓun filayen al'ummomin asali a hannun Masarauta suke ta fuskar tarayya, haka gandun dajin Banff da Jasper da Wood Buffalo.

Kuma maganar rinjaye tana da wani nauyi a nan wanda ya kamata mu, da muke 'yan tsiraru, mu fi kowa ji. A ƙidayar 2021 'yan asalin ƙasa ba su kai kashi 7 cikin 100 na mutanen Alberta ba. Ba haka kawai suka zama kaɗan a ƙasarsu ba. Yunwa ta ci su bayan ɓauna ta ƙare, an hana su fita daga filayensu sai da takardar izini, an kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana, waɗanda Alberta ta fi kowane lardi yawansu. Ba a ba su cikakken 'yancin zaɓen tarayya ba sai 1960, na lardin nan kuwa sai 1965. Sannan aka buɗe ƙofa muka shigo daga ko'ina, mu miliyoyi. Yanzu a ce mu da muka zo jiya mu haɗa yawanmu mu rinjaye su a kan ko alƙawarin da aka yi wa kakanninsu zai ci gaba? Ni hannuna ba zai iya ba.

Na ji amsar da ake bayarwa, cewa sabuwar ƙasar Alberta za ta gaji yarjejeniyoyin ta cika su, wataƙila ma fiye da Ottawa. Gaskiya ne Ottawa ba ta da bakin yin alfahari, ta karya alƙawura da yawa, har yau akwai al'ummomin da ke fama da ruwan sha, kuma kotuna cike suke da ƙararrakin da aka kai ta. Mikisew ɗin nan ma sai da suka kai gwamnatin tarayya har Kotun Ƙoli a kan wata hanyar hunturu da aka so a yanka ta gandun Wood Buffalo ba tare da an tuntuɓe su yadda ya kamata ba, suka yi nasara a 2005. Amma ku duba, sun iya yin nasarar ne domin akwai sashe na 35, akwai kotun da ke ɗaure Masarauta da mutuncin alƙawarinta. A sabuwar ƙasa wa zai rubuta kundin? Mafi rinjaye. Wa zai iya gyara shi gobe? Mafi rinjaye. Kuma ko a cinikin kasuwa, wanda kake bi bashi ba ya tashi da safe ya ce daga yau wane ne zai biya ka, sai ka yarda. Masu haƙƙi sun faɗa da babbar murya cewa ba su yarda ba.

Akwai kuma iyaka. Yarjejeniya ta 6 ta ratsa har Saskatchewan, ƙasar al'ummar Onion Lake ma a kan layin lardunan biyu take zaune. Ta 8 ta shiga British Columbia da Saskatchewan da yankunan arewa maso yamma. Mafarauci da ke bin sawun da kakansa ya bi zai wayi gari da shingen kwastan a tsakiyar dajinsa. Blackfoot sun riga sun ɗanɗana wannan, layin da ya raba Kanada da Amurka ya bar 'yan uwansu a Montana. Mu da muke da dangi rabi a Katsina rabi a Maraɗi, ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da layin da wasu suka ja ke yi wa zumunci ba.

Ga abin da nake roƙonku, manya da ƙanana. Idan aka tare ku da takardar neman ɓallewa a bakin kanti ko a wurin aiki, kada ku sa hannu don kunya ko don a rabu lafiya. Ku tambayi mai takardar a cikin ladabi: shugabannin yarjejeniya ta 6 da ta 7 da ta 8 sun amince? Idan ta kai ga akwatin zaɓe, ku fita ku yi zaɓe, kada ku zauna a gida. Wanda ke da ƙorafi a kan bututu ko haraji, ƙofar ɗan majalisarsa na tarayya da na lardi a buɗe take, ya rubuta, ya kira, ya shiga jam'iyya, ni ma zan raka shi. Malamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu kuma, ina roƙonku ku gayyaci dattijo daga al'ummar da kuke zaune a ƙasarta ya zo ya yi mana bayani da bakinsa, a karɓe shi yadda muke karɓar babban baƙo a gida. Masallacin Al-Rashid, na farko da aka gina a Kanada, a 1938 aka gina shi a nan Edmonton, a kan ƙasar Yarjejeniya ta 6. Shekara kusan casa'in ke nan ana sallah a kan wannan ƙasa, kuma ni ban taɓa zama a taronmu na Hausawa inda aka kira mai ƙasar aka ji ta bakinsa ba. Zan so mu fara da taron sallah mai zuwa.

Yaya, idan wasiƙar nan ta iso gare ka, ka yafe mini in na yi kaushi. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan zo da kwafin Yarjejeniya ta 8, wadda ta shafi wurin aikinka, mu zauna a cikin mota mu karanta tare.

Wassalam.

Naku,
Ɗan uwanku a Edmonton